An tara mana kuɗin kayan koyarwa na zamani, me zan ce a saya wa 'yan aji biyu?

Malamar Aji Biyu:

Assalamu alaikum malamai da iyayen yara. Shawara nake nema, kuma ina so in same ta kafin zaman kwamitin makarantarmu na ƙarshen watan nan.

Ni malamar firamare ce a wata makarantar gwamnati a jihar Jigawa. Aji biyu nake riƙe da shi, kuma ni ke shiga aji ɗaya darasin Hausa saboda ƙarancin malamai. Bayan babbar sallah ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar ta yi karo-karo, Allah ya saka musu da alheri, suka tara kuɗi masu ɗan kauri, suka ce a saya wa ƙananan azuzuwa kayan koyarwa na zamani don yara su iya karatu da rubutu. Shugabansu a Abuja yake aiki, ya ga makarantar kuɗi inda kowane yaro ke riƙe da kwamfutar hannu, to abin da ke ransa ke nan. Da aka buga lissafi, kuɗin ba za su sayi fiye da goma sha biyu ba, su ma irin masu araha. Hedimastanmu kuma majigi yake so, a riƙa haska darasi a bango kowa ya gani. Ni aka ce in zo da ra'ayi tunda ni ce a cikin ajin.

Bari in faɗa muku yadda ajin yake, don kada a ba ni shawarar makarantar birni. A rajista yarana sun haura casa'in, masu zuwa kullum sun kai saba'in, ranar kasuwa su ragu, lokacin girbi su ƙara raguwa. 'Yan gaba ne kawai ke kan benci, sauran a ƙasa. Makarantar babu wuta, ko igiyar ma ba a ja mana ba. Tagogi biyu babu marfi, da hunturu ƙura har cikin rajista. Littattafan karatun Hausa da suka rage mana ba su kai ashirin ba, wasu ma shafukan farko sun tafi.

Amma ba bencin ne ke hana ni barci ba. Yaran nan in na ce "a, ba, ca, da" za su karɓe su kai har ƙarshe, ajin ya ɗauki sauti, mai wucewa ya ce kai, malamar nan tana ƙoƙari. In na ɗora sanda a kan harafi ɗaya a tsakiya na ce wannan fa, sai a yi tsit. Akwai wata yarinya da ke zama kusa da ƙofa, rubutunta ya fi na wasu manya kyau. Duk abin da na sa a allo za ta kwafe shi tsaf, har inda alli ya karye ya bar tabo sai ta yi irinsa a littafinta. Na ce ta karanta min layin farko na abin da ta rubuta da hannunta, ta dube ni ta sunkuyar da kai. Zane take yi, ba rubutu ba. Irinta sun fi rabin ajin, kuma haka za a tura su aji uku baɗi.

Na taɓa gwada wayata. Na sauke wata waƙar haruffa, na ɗaga wayar sama, na gaba suka taso suka yanyame ni, na baya ba su ji komai ba, aka tashi wasu na kuka an taka su.

To don Allah, wanda ya taɓa ganin kwamfutar hannu ta yi aiki a aji irin nawa, ya faɗa min yadda aka yi. Akwai manhajar koyon karatu da Hausa ta gaske, ba Turanci da aka liƙa wa sunan Hausa ba? Rubutu kuma fa, na'ura tana koyar da shi? In kuma akwai abin da ya fi waɗannan biyun dacewa da kuɗin, ku gaya min, da kuma yadda zan faɗa ba tare da na ɓata ran mutanen da suka cire daga aljihunsu ba.

Tsohon Mai Duba Makarantu, Bauchi:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika gane bambancin mai kwafe da mai karatu. Malamai da yawa sun yi ritaya ba su gane ba.

Ni zan faɗa miki kai tsaye, a sayi littafi. Kowane yaro nasa a hannunsa, da littafin rubutu da fensir. Abin da ya rage sai a yi maganar na'ura, ita ma a hannunki za ta zauna, ba a hannun yara ba. Ba don na tsufa nake faɗin haka ba, na yi aiki da kwamfutar hannu har na bar aiki.

Lokacin da aka kawo shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da tallafin hukumar USAID ta Amurka, kusan lokaci guda da shirin RANA na UNICEF a Katsina da Zamfara, abin da aka fara zubawa a azuzuwa takarda ce: littafin ɗalibi da jagoran malami, darasi bayan darasi, da Hausa. Na'urar mu masu zagayawa aka ba. In za mu gwada yaro, takarda ce a gabansa, mu kuma muna taɓa fuskar kwamfutar muna alamta inda ya yi kuskure, agogonta na ƙirga minti ɗaya. A nan na ga abin da ya girgiza ni. Yaro ɗan aji uku, minti ya cika bai karanta kalma ko ɗaya ba, malaminsa na tsaye a taga yana rantsuwa cewa yaron na cikin masu ƙoƙari. Kuma ba ƙarya malamin yake yi ba, a cikin rerawar taro yaron ne ya fi kowa murya.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A Kenya, a yankin Kisumu, an yi gwaji a 2013. Makarantu duka an ba su littattafai an horar da malamansu, sannan aka raba su uku: wasu aka ba yara na'urar karatu, wasu aka ba malamai kwamfutar hannu, wasu kuma masu duba malamai kaɗai aka ba. Duka ukun sun ci gaba, amma inda aka ba yara na'ura bai fi sauran ba, kuɗin da ya ci kuwa ya ninka sau da yawa. Shi ya sa da suka faɗaɗa shirin a ƙasa baki ɗaya a 2015 da sunan Tusome, masu duba malamai suka ba na'ura, yara kuma littafi. Ƙasar Peru ta raba wa yaran makaranta ƙananan kwamfutoci sama da 800,000, irin waɗanda aka riƙa kira kwamfutar dala ɗari. Da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar da bincikensa a 2012, yara sun iya sarrafa kwamfuta ƙwarai, amma sakamakonsu na harshe da lissafi bai motsa ba. Irin wannan kwamfutar an gwada ta a nan gida ma, a firamaren Galadima da ke gefen Abuja a 2007, aka yi ta ɗaukar hoto. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ko jihar Edo da ake yawan ambata, da suka fara shirinsu a 2018 malami suka ba kwamfutar, darasin ranar na ciki yana bi.

Yanzu ciwon ajinki. Yaranki sunan harafi suka haddace, ba sautinsa ba. Yaron da ya san N da sunan "na", in ya ga "na" zai dace, in ya ga "ni" sai ya ce "na-i", daga nan ya rikice ya yi shiru. Ki bar jeren a, ba, ca, da gaba ɗaya na wannan zango. Ki ɗauki baƙi ɗaya da wasali ɗaya, ki koya musu sautin, ki haɗa su gaɓa, ki haɗa gaɓa biyu su zama kalma, ranar farko ma su karanta kalmar da suka sani a gida. Ke ki yi, ku yi tare, sannan su yi su kaɗai, kuma a wannan na ukun ki sauka daga gaban allo ki shiga cikinsu, ki ga yatsan kowa a ƙarƙashin gaɓar da yake faɗa. Hausa tana da rahama a nan, yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa. Sai dai ki ba ɓ da ɗ da ƙ da ts da sh lokacinsu, kada ki haɗa su rana ɗaya da b da d da k. Wannan aikin duka ba ya yiwuwa in yara biyar na leƙen littafi ɗaya, biyu daga cikinsu ta ƙasa suke ganin rubutun.

Game da shugaban tsofaffin ɗalibai, kada ki yi masa gardama a gaban jama'a, mutum ne da ya yi niyyar alheri. Ki gayyace shi ajin kafin zaman. Ki rubuta kalmomi goma masu sauƙi a takarda, shi da kansa ya zaɓi yara ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Bayan nan zai saurare ki.

Mai Gyaran Waya, Kano:

Salam. Ni ba malami ba ne, gyaran waya nake yi a Farm Centre, ina kuma haɗa sola. Baba ya yi maganar karatu, ni bari in yi maganar kayan, don su nake buɗewa kullum.

Anti, kwamfutar hannu mai araha wadda ba a san kamfaninta ba, wuri uku take mutuwa: bakin caji, batir, da gilashi. Bakin caji yara ke lalata shi wajen cusa igiya. Batir kuma in zafin Afrilu ya same shi a ofis mai rufin kwano sai ya kumbura, har ya ɗaga gilashin. In gilashin ya fashe, na waya sananniya za ki samu a kowane layi a kasuwa, amma na irin waɗannan sai mu zagaye kasuwar mu dawo hannu biyu. An sha kawo min su cikin kwali daga makarantu, a ce in haɗa masu rai daga cikin matattu. In har za a saya, gara a sayi kaɗan na kamfanin da ke da kayan gyara, da rigar roba mai kauri, a kuma ware kuɗin gyara tun yanzu.

Majigi kuwa ki cire shi daga lissafi. Mai araha ba ya nuna komai sai an yi duhu, ke kuma tagoginki ko marfi babu. Da ƙarfe goma na safe abin da yara za su gani a bango inuwa ce kawai. Mai hasken da zai yi aiki da rana shi kaɗai zai cinye kuɗin, kuma sai an nemo masa wuta.

Maganar sola, faifan ba ya ba da wahala, batirin ne ke mutuwa, shi ne kuma ɓarayi ke nema. Makarantar da babu katanga babu mai gadi, a fara tunanin gidan wa kayan za su riƙa kwana.

Abin da na ga ya dace da ajinki shi ne lasifika mai caji, irin mai jan memori da makirfo, wadda masu wa'azi da masu talla ke yawo da ita. Ƙaramin faifan sola ya isa ya cika ta. Ki naɗi sautukan haruffa da gajerun labarai da muryarki a waya, ki zuba a memori. Na can bayan aji zai ji daidai da na gaba, ke kuma maƙogwaronki ya huta.

Firinta ban ba ki shawara ba. Mai garin tawada tana jan wuta sosai, mai ruwa kuma in ta yi hutun zango ba a taɓa ta ba sai kanta ya bushe, ga ƙura. Ki shirya abinki, ki kai shagon fotokwafi a cikin gari su buga miki da yawa, ya fi sauƙi. Amma ga inda mutane ke faɗawa rami. In kin rubuta da ƙ da ɗ da ɓ a wayarki kika tura musu haka, kwamfutarsu kan mayar da haruffan akwati-akwati, ko yaron shagon ya ga lanƙwasar ya zaci kuskure ne ya gyara miki. Ki mayar da takardar PDF kafin ki tura, ba mai iya taɓa ta. A waya kuma ki shiga saitin Gboard, wato madannan rubutun waya, ki ƙara Hausa a cikin harsuna, masu lanƙwasar duk suna nan.

Akwai wani salon haruffa mai suna Andika, kyauta ne, ƙungiyar SIL ta yi shi musamman don masu koyon karatu. Yana da haruffanmu duka, kuma "a" ɗinsa irin wanda kike rubutawa a allo ne, mai ciki da sanda, ba mai rumfa a kai irin na jarida ba. Ƙanwata da ke koyarwa a Islamiyya ta ce wannan "a" mai rumfar ya daɗe yana rikita mata yara. Su SIL ɗin suna da wata manhajar kwamfuta mai suna Bloom ta haɗa ƙananan littattafai. Kina gaya mata haruffan da kika riga kika koyar, in kin sa kalmar da ke da harafin da ba a kai ba sai ta haska miki ita. Tana kuma jera shafukan yadda in an buga an ninke zai zama ɗan littafi. In akwai wanda ke da kwamfutar tafi-da-gidanka a cikin tsofaffin ɗaliban, ya ara miki ƙarshen mako.

Maman Sadauki:

Assalamu alaikum. Baba, da girmamawa, na yarda da maganar littafi, amma ina ganin an ɗan danne wa na'ura haƙƙinta. Kwamfutar da aka raba a Peru ba a cika ta da darasin koyon karatu mataki-mataki ba, an miƙa wa yara ne aka ce su nema da kansu. Abin da ake yi yanzu daban ne.

Ɗana na biyu ya gama aji ɗaya bai san harafi biyar ba. Ajinsu cike yake, shi kuma mai kunya ne, ko an yi tambaya ba ya ɗaga hannu. Wata maƙwabciyata ta tura min wani wasa ta Xender mai suna Feed the Monster, akwai na Hausa, ba ya cin data in ya riga ya shiga waya. Wani ɗan dodo ne ake ciyarwa, waya ta faɗi sauti, yaro ya jawo harafin da yatsa ya sa masa a baki. In ya yi daidai dodon ya yi murna, in ya kuskure a sake ba shi. Bayan magariba nake ba shi, in na tashi shimfiɗa in karɓe. Abin da na lura da shi, yaron da ke tsoron ya yi kuskure a gaban mutum saba'in, a gaban waya ba ya tsoro. Ko sau nawa zai kuskure, ba mai dariya, ba mai tsawa. Wata rana muna cikin adaidaita sai na ji yana haɗa gaɓoɓin rubutun da ke bayan wata mota a hankali, har ya fitar da kalmar. Direban ma sai da ya waiwayo.

Kuma ba labarin gidana kaɗai ba ne. Bankin Duniya ya yi bincike a ƙauyukan Kano da Jigawa, jiharki Malama, inda aka ba iyalai waya mai ɗauke da wannan wasan da littattafan Hausa, da abin caji na sola. Karatun yaran ya ƙaru, har yayyensu da ba don su aka kawo wayar ba sun amfana. A Tanzaniya an yi wata gasa da aka kammala a 2019, aka bar wa yaran ƙauyukan yankin Tanga kwamfutocin hannu masu darasin Swahili tsawon wata 15, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, kuma wasu suka fito suna karanta jimla. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ci gasar, ƙungiyar onebillion, manhajarsu ce ake amfani da ita a makarantun gwamnatin Malawi, ba kowane yaro da tasa ba, rukuni-rukuni ake shiga, kowa da abin sawa a kunne, a yi ɗan lokaci a fito wasu su shiga.

To goma sha biyu ɗin nan ba abin rainawa ba ne in da tsari. Matsalar ita ce wa zai zauna da rukunin da ke kan na'ura alhali ke kina tare da sauran sittin. In babu mutum na biyu, ni ma ban ce a saya ba.

Abin da ba ya buƙatar ko sisi shi ne wayoyin da ke gidajen yaran. Ranar taron iyaye ki tura wa duk mai babbar waya wasan, ki nuna musu yadda ake buɗewa. Ki fi mai da hankali kan iyaye mata da yayye, don wayar maigida tare da shi take fita. Akwai kuma labaran Hausa kyauta a shafukan intanet na African Storybook da StoryWeaver, ana iya saukewa a buga a takarda. Ki riƙa karantawa kafin ki buga, wasu fassararsu ba ta yi daɗi ba.

Rubutu dai gaskiya waya ba ta koya wa ɗana ba. Jan harafi da yatsa a gilashi daban, riƙon fensir daban. Yana karanta kalma, in ce rubuta min ita, sai ya juya "d" ta koma "b". Wannan sai da muka zauna da littafi mai layi.

Mushe daga Maradi:

Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni ma malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ƙananan aji nike riƙewa a wani ƙauye, mu ma babu kuran, wato wutar lantarki. Malama, tambayarki ta rubutu ita zan amsa, don na ga ita ce ba a taɓa sosai ba.

Nan wajenmu kowane yaro da ɗan allonsa na hannu yake zuwa, da guntun alli da tsumma. In na koyar da gaɓa, sai in ce ku saurara, in faɗi "ki". In buga tebur, kowa ya rubuta. In sake bugawa, kowa ya ɗaga allonsa sama ya juyo min. A tsaye inda nike, da kallo ɗaya na ga wanda ya rubuta "ki", da wanda ya rubuta "ka", da wanda ya juya harafin, da wanda allonsa fari fat yana leƙen na maƙwabci. In gyara, in ce ku goge, mu tafi ta gaba. Ban rubuta komai a babban allo ba, saboda haka babu abin kwafewa, dole abin ya fito daga kunne ya bi ta kai ya sauko hannu. Yarinyarki ta bakin ƙofa wannan take buƙata. Hannunta ya riga ya iya, shifta ce za ta haɗa mata hannun da sautin. Kafinta zai yanka miki allunan daga falankin silin ya shafa baƙin fenti, kuɗin kwamfutar hannu ɗaya zai yi wa ajin duka har da saura.

Ba wai ina ƙin salula ba ne. Nan Nijar an yi wani shiri na yaƙi da jahilci a jihohin Doso da Damagaram a 2009 da 2010, na manya ne. Wasu azuzuwan aka ƙara musu koyon aiki da ƙaramar salula mai maɓalli, suna rubuta saƙo. Waɗannan sun fi sauran sakamako a rubutu da lissafi. Dalilin a fili yake, wanda ya iya tura wa ɗansa da ke ci-rani saƙo ya sami abin da zai yi da rubutun kullum. Na ɗauki wannan na kawo aji. Ran Juma'a yara kan rubuta saƙon layi ɗaya zuwa ga wani a gida, a ɗan guntun takarda, su kai, ran Litinin su faɗa min abin da aka ce musu. Wani ya rubuta wa kakarsa "ina son fura", ya karanta mata da bakinsa, ta kuwa dama masa.

Hattara ɗaya. In kin sauko da littafin Hausa daga intanet, ki duba ko na wane gefe ne. Mu nan muna da makarantu masu koyarwa da harshen gida tun 1973 da aka fara a Damagaram, kuma ƙa'idar rubutunmu ta ɗan bambanta da taku: mu "ƴ" mai lanƙwasa muke rubutawa inda ku kuke sa 'y. Ki gyara kafin ki buga, kada yaro ya ga iri biyu tun bai zauna da ɗaya ba.

Malamar Aji Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raya mana zuri'a. Na karanta har sau biyu, na kuma kai wa hedimasta ya gani. Maganar taga da hasken rana ta sa ya janye batun majigi da kansa.

Ga abin da zan kai zaman. Kaso mafi girma a buga littafin karatu, kowane yaro na aji ɗaya da aji biyu ya samu nasa, da littafin rubutu da fensir. A yanka alluna irin na Mushe, na riga na yi wa kafintan unguwarmu magana. A sayi lasifika ɗaya da ƙaramin sola, su riƙa kwana a gidan mai unguwa tunda yana cikin kwamiti. Kwamfutar hannu kuma zan nemi a sayi biyu masu ƙwari maimakon sha biyu, don shugaban ya ga ba a watsar da ra'ayinsa ba, ni ma ina so in gwada abin da Maman Sadauki ta faɗa da yaran da suka fi kowa baya. Akwai wata ɗalibar NCE da ke zuwa mana koyon aikin koyarwa, ita za ta zauna da su a inuwar darbejiya lokacin tara. Marfin tagogin ma zan sako shi, ko da za a ce ba kayan zamani ba ne.

Baba, saura tambaya ɗaya. Gwajin minti ɗayan nan, ni da ba ni da manhajarku, yaya zan yi shi? Kuma yara nawa zan gwada, tunda ba zan iya bin saba'in ɗaya bayan ɗaya ba?

Tsohon Mai Duba Makarantu, Bauchi:

Ba kya buƙatar manhaja, 'yata. Agogon wayarki da takarda biyu iri ɗaya sun isa, ɗaya a gaban yaro, ɗaya a hannunki kina sa alama. Ki cakuɗa haruffan, manya da ƙanana, kada su zo a jeren da suka haddace. A ƙasa ki sa layin gaɓoɓi, sannan kalmomi, sannan ɗan labari mai jimla huɗu ko biyar. In yaro ya tsaya a kan abu ya kai daƙiƙa uku, ki nuna masa na gaba, kada ki faɗa masa amsar. In ya kasa layin farko gaba ɗaya, ki tsayar, ki gode masa, ya tafi ba tare da ya ji ya faɗi ba.

Kada ki zaɓi yaran da kanki, hannunki zai tafi wajen waɗanda kika sani. Ki bi rajista ki ɗauki kowane na biyar, maza da mata. Ki yi yanzu kafin kayan su iso, ki rubuta sakamakon da kwanan wata ki ajiye, ƙarshen zango ki sake gwada yaran nan dai da wata takardar mai nauyi ɗaya. Waɗanda za su zauna da kwamfutar a gindin darbejiya ki gwada su duka, ki ware sunayensu a shafi daban.